Yadda Nake Zanen Dawaki da Namun Daji da Fentin Ruwa

Dokin farko da aka biya ni na zana, mai shi bai karɓa ba. Ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau, sai dai wannan ba dokina ba ne." Na ji haushi, don kwana huɗu na yi ina bin gashi ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi. Amma shi ke da gaskiya. Hoton da ya turo mini da waya aka ɗauke shi, dab da hancin dokin, kai ya fito ƙato, gindi ya tsuke, ni kuwa na kwafe yadda na gani, don ban san yadda ƙashin doki yake zaune ba. Tun daga ranar na daina fara aiki daga gashi.

Daga ƙashi ake farawa. Ka ɗauki tsawon kan doki ya zama ma'auninka: tsayinsa daga ƙasa zuwa inda wuya ya haɗu da gadon baya wajen kai biyu da rabi ne, haka ma tsawonsa daga ƙirji zuwa gindi. Wato in ka cire wuya da kai, gangar jikin da ƙafafu suna shiga cikin murabba'i. Sai ƙafafu, inda yawancinmu muke faɗuwa. Abin da muke kira gwiwa a ƙafar gaba, a jikin mutum wuyan hannu ne. Gaɓar nan ta ƙafar baya mai tsini ta baya kuwa dunduniya ce, gwiwar gaske tana can sama kusa da ciki. Kofato farce ne, doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye. Ranar da wannan ya zauna maka a kai, ƙafafun dokinka za su daina kama da na tebur. George Stubbs, mai zanen dawaki na Ingila, wajen wata 18 ya yi yana feɗe gawar dawaki yana zana abin da ke ƙarƙashin fata, aka buga zanen a 1766. Ba na cewa ka je ka feɗe doki. Ka dai samu hoton ƙwarangwal ka kwafe shi har hannunka ya haddace.

Sukuwa ma tana da nata tarkon. Masu zane na da sukan miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, doki na shawagi. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Palo Alto ta Kaliforniya a Amurka, hotuna suka nuna cewa lalle ƙafafu huɗun suna barin ƙasa, amma a lokacin da suke dunƙule ƙarƙashin ciki. A sassarfa kuwa, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu ne ke tafiya tare. Mai doki zai gane kuskuren nan kafin ya kula da launinka.

Ina yawo da ƙaramin littafin zane da fensir. In na samu doki a tsaye, ko na shiga gidan namun daji, ba na neman zane mai kyau. Daƙiƙa 30 nake ba kowane shafi: layin baya, inda nauyi ya sauka, inda kunne ya dosa. Dabba ta motsa, in buɗe sabon shafi. Cikin ashirin da wuya uku su yi amfani, amma ukun nan ne suke gaya mini inda hoto ya yi ƙarya.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma in kuɗinka bai kai ba, ka zuba shi a takarda. Ta auduga zalla, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, irin su Arches ta Faransa ko Fabriano ta Italiya, tana riƙe ruwa ta ba ka lokacin yin shawara. Takarda mai araha nan take take shanyewa, ta bar maka tabo. Mai giram 300 tana kumbura in ta sha ruwa sosai, don haka nakan jiƙa ta na 'yan mintoci in manne gefunanta a jikin allo ta bushe a miƙe. Mai giram 640 ba ta bukatar wannan wahalar. Na fi son mai ɗan kaushi, don tana taimakawa wajen geza. Buroshi uku sun ishe ni: babba mai ɗaukar ruwa, matsakaici mai tsini, da wani tsoho da bakinsa ya barbaje, wanda ba zan ba kowa aro ba.

Shi fentin ba komai ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, shi ya sa ko ya bushe a faranti ruwa ke tayar da shi. Kada sunan da ke jikin bututu ya ruɗe ka, lambar garin launin za ka duba. Kusan duk dawakina daga launi uku suke fitowa: shuɗin PB29, jar ƙasa ta PBr7, da rawayar ƙasa ta PY43. Akwai wani ja mai daɗin ido, PR83, da na daina taɓawa, don yana koɗewa in haske ya daɗe a kansa, kuma wanda ya biya ka yana son jikokinsa su ga zanen.

Kafin in taɓa ruwa, sai na yanke shawara ɗaya: daga ina haske yake zuwa, kuma ina zan bar takarda fara. A fentin ruwa farinka ita ce takardar. In ka rufe ta, ta tafi ke nan. Nakan zagaye wuraren da fensir a hankali: ƙyallin da ke bisa cinya, farin goshi, ɗigon haske a ido.

Shafen farko nakan jiƙa jikin dokin da ruwa zalla, in bar waɗancan wurare a bushe, sannan in sa launi mafi haske in bar shi ya bazu da kansa. Tun takardar tana sheƙi nake ɗiga mai duhu a ƙarƙashin ciki, tsakanin ƙafafu, da ƙasan muƙamuƙi, su narke cikin juna. A nan ne duk sirrin yake, kuma ido ne ke koyonsa. Ka karkata allon ka duba sheƙin. Muddin yana nan, kana da dama. Da ya fara dusashewa, ɗauke hannunka. In ka kai buroshi mai ruwa a wannan lokacin, ruwan zai ture launin gefe ya bar maka tabo mai baki kamar taswira. Na fi shekara ina ɓata takarda a daidai wannan gaɓar, don zuciya takan ce "ɗan gyara nan kaɗan." Yanzu nakan tashi in bar ɗakin.

Ka kuma sani launin yana yin haske in ya bushe. Abin da ka ga ya yi daidai yana jiƙe, gobe za ka tarar ya yi fari. Ka ɗan zarce.

Sai ya bushe ƙarau, har bayan hannunka ya daina jin sanyi a takardar, sannan shafe na biyu. Shi ne na tsoka: kafaɗa, cinya, jijiyar ƙafa. Nakan aza launi da buroshi ɗaya, in bi gefe ɗaya da wani mai ɗan damshi in tausasa shi, ɗaya gefen in bar shi da kaifi. Shafe uku ne iyakata. Na huɗu yakan mayar da jan doki ruwan kwata. Geza da wutsiya kuwa, sai in ɗauko tsohon buroshin nan, in matse shi a tsumma har ya kusa bushewa, in ja shi da sauri sau uku ko huɗu ta inda gashin ya kwanta. Kaushin takarda ne zai yi sauran.

Akawal, wato baƙin doki, da kili, wato farin doki, su ne jarrabawa. Baƙin da ke cikin bututu yana kashe doki, ya koma kamar an yanko shi da almakashi. Nakan haɗa shuɗi da jar ƙasa, in bar shuɗin ya rinjaya a gadon baya inda sararin sama ke haskawa, jan ya rinjaya a ƙasan ciki. Kili kuwa kusan ba ka zana shi. Inuwarsa kake zanawa, sannan ka duhunta abin da ke bayansa, sai ka ga ya fito.

Ido nake bari ƙarshe. Na doki a gefen kai yake, kuma baƙin tsakiyarsa a kwance yake. Na zaki zagayayye ne, ba tsaga irin ta kyanwa ba.

Namun daji duk tafiyar ɗaya ce, sai dai ado yakan yaudari mutum. Jakin dawa, ka fara zana shi kamar farin jaki da inuwarsa duka, ya bushe, sannan ka naɗa ratsin bisa zagayen jiki, yana siranta inda jikin ya juya. Haka ɗigon damisa: kada ka ƙirga, ka fito da na kafaɗa da fuska, na nesa su narke. Raƙumin dawa in yana tafiya, ƙafafun gefe ɗaya ne ke motsi tare. Masu son bin gashi sukan kafa mini hujja da zomon da Albrecht Dürer, mai zane na Jamus, ya zana a 1502, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Albertina a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. To, shi ma sai da ya shimfiɗa launin jiki tukuna, gashin daga baya ya hau. Ni kuwa nakan yi amfani da farin fenti mai kauri, amma don gashin baki kawai.

Saura batun sana'a. In an kawo mini aiki yanzu, nakan nemi hotuna da yawa, a ɗauka daga nesa kaɗan, daga gefe, a tsayin kafaɗar dabbar, cikin hasken rana. Nakan tambayi wace ƙafa ce mai fari, don hoton waya yakan juya dama ta koma hagu. In babu hoto mai kyau kuma ba zan iya zuwa in ga dabbar ba, nakan ba da haƙuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rabin kuɗi nake karɓa kafin alƙalami, sannan in tura zanen fensir a amince da shi, in kuma faɗa ƙarara cewa da zarar ruwa ya hau, ba a matsar da kunne. Hoton da wani ya ɗauka mallakarsa ne, ba na zana shi don sayarwa sai da izininsa. Kafin zane ya bar hannuna nakan ɗauki kwafinsa a na'ura da ɗigo 300 a kowane inci, mu kuma rubuta a takarda ko ina da damar buga shi in sayar. A wajen firam, nakan sa kwali mai kauri tsakanin zanen da gilashi don kada danshi ya manne su, sannan in rubuta da fensir a bayansa: kada a rataye inda rana ke bugawa.