Yadda za ka bi sawun harajin da ake yanka maka tun kafin kuɗi su shigo

Idan alat ɗin albashi ya shigo ka ga bai cika ba, ka fara neman takardar albashinka wajen akanta, a nan za ka ga abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya. PAYE shi ne harajin albashi, ofis ne ke cirewa ya tura wa hukumar haraji ta jihar da kake zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, kafin 10 ga watan gaba. Kashi 8 na fansho daban ne fa, wannan kuɗinka ne ake tara maka.

A sabuwar dokar da ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15. Wato in bayan an cire fansho da sauransu abin da ya rage maka miliyan 1.2 ne a shekara, 400,000 kawai za a lissafa, 60,000 ke nan, dubu 5 a wata. Kuma in haya kake biya ka kai rasit ɗin, ana rage kashi 20 na kuɗin hayar daga abin da za a lissafa maka, amma ba ya wuce 500,000.

'Yan kwangila naku shi ne WHT, wato harajin da mai biyan ku ke riƙewa daga kuɗin kwangila ya tura wa hukumar haraji, kuma a nan ne mutanenmu ke tafka asara wallahi. Ka kai kaya na miliyan 5, a riƙe kashi 2, dubu 100 ke nan, sai ka tafi kana cewa ai sun ci, alhali kuɗin nan kafin alƙalami ne na harajinka, idan lokacin biya ya zo za a ɗebe maka su, amma fa sai in wanda ya riƙe ya tura da sunanka da lambar TIN ɗinka, wato lambar shaidarka ta mai biyan haraji. Don haka ka rubuta TIN a jikin takardar neman biya, wanda ba shi da ita ninki biyu ake yanka masa. Bayan an biya ka ka koma ka karɓi takardar shaidar cewa an tura, kar ka ji nauyi, haƙƙinka ne.

Ka adana takardun nan a fayil guda, ka ɗauki hotonsu a waya, domin ranar da ka je neman takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 don wata kwangilar, su za a ce ka kawo.