Kurakuran da ake yi wajen zaɓe tsakanin tsohuwar kwamfutar tebur da laftof mara shan wuta

Ranar kasuwar garinmu, nan ƙasar Ringim, ƙanen wani abokina ya shigo shagona riƙe da 'yar takarda. Wurin buga takardu da cike fom yake son buɗewa. Ya je Kano ya zaga Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci, ya dawo da lambobi biyu: tsohuwar kwamfutar tebur mai Core 2 Duo E8400, an rubuta 3.0 GHz, da laftof mai Celeron N4020, an rubuta 1.1 GHz. Ya ce, "Yaya, ai ta tebur ɗin ta kusa ninka ta sau uku." Na ce masa ja benci ka zauna tukuna.

Kuskuren da ya fi cin mutane ke nan, auna furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da GHz kaɗai. GHz tamkar yawan bugun taɓarya ne, bai gaya maka nauyin taɓaryar ba, bai kuma faɗi mata nawa ne a kan turmin ba. E8400 ya fito a 2008, N4020 kuwa a 2019. Wancan 1.1 da ya gani tafiyar hutu ce, in aiki ya taso yana hawa har 2.8. A Word da Excel da buɗe shafukan intanet kusan kunnen doki suke yi, alhali an ƙera na tebur ɗin a kan wat 65, na laftof a kan wat 6. A kallon bidiyo ma ƙaramin ya fi, don yana da sashen da ke warware bidiyon zamani irin na YouTube, tsohon kuwa da ƙarfin ƙirji yake yi, fanka na ta kuka. GHz yana da amfani ne kawai in furosesan biyu 'yan zubi ɗaya ne.

Akwai kuma masu faɗawa ramin da ke ɗaya gefen. Da sun ga tambarin i7 a jikin laftof, shi ke nan an gama magana. Ɗauki i7-7500U na 2016: injin aiki biyu ne a cikinsa, abin da masu sana'a ke ce wa kor. Tsohon i5-3470 na tebur, wanda ya fito tun 2012, huɗu gare shi, kuma in aka zo aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyon biki, yakan bar wannan i7 ɗin a baya. Gyaran shi ne ka karanta lambar har ƙarshe. A irin waɗannan lambobi, alƙalamin farko bayan layi shi ne zubi: 3470 na uku, 7500 na bakwai. Harafin U a wutsiya yana nufin mai tsimin wuta, galibi wat 15. Daga zubi na takwas ne labarin ya canja, domin i5-8250U na 2017 kor huɗu ne, kuma ya wuce yawancin tsofaffin i5 na tebur da ake jibgewa a kasuwa. Kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki, manna ta ba wuya. Sa mai kaya ya kunna, ka shiga Task Manager, inda Windows ke nuna abin da ke cikin kwamfutar, ka karanta sunan furosesan da idonka.

Inda na fi daɗewa da yaron nan shi ne maganar wuta, don ita ce ba a lissafawa a kasuwa, ita ce kuma ke cin riba a ƙauye. Wanda ke zaune inda wuta ke wuni bai damu ba. Mu nan da sola muke aiki, ko janareta mai shan fetur kamar rijiya. Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan takardarsa. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, amma in na ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. Saura 600. A ce kwamfutar tebur da allonta suna jan wat 100, awa shida ke nan, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Laftof mai jan wat 25 zai ninka wannan sau huɗu, ga nasa batirin a ciki. Janareta ya yi tari ya mutu, na tebur ya ɗauke da aikin da ba ka adana ba, mai laftof kuwa ko a jikinsa. Sai dai a kula, wat ɗin da ake rubutawa a gaban furosesa awon zafin da za a sanyaya ne, ba jimillar abin da dukan kwamfutar ke sha ba.

Zafi ma ana mantawa da shi. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, siririn laftof yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone, sai ka ji mai shi yana cewa an yi masa cuta. Ɗaga shi daga kan katifa ko darduma, a busa ƙurar hunturun da ta toshe hancinsa, a sabunta man sanyaya furosesa. A nan kam na tebur ya fi, buɗe shi da share shi ko yaron shago zai iya.

Wani kuskuren shi ne sayen laftof da niyyar "daga baya na canja furosesa". A yawancin laftof na zamani ba ya canjuwa, a narke yake a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar. Masu Celeron da yawa ma har RAM ɗinsu mai 4GB, wato wurin riƙe aikin da ake kan yi, a manne take, ma'ajiyarsu kuma eMMC ce ƙarama, Windows kaɗai ya kusa cike ta. Na tebur kuwa kana iya ƙara masa RAM, ka sa masa SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri. Sau tari nawar da ake ɗora wa furosesa laifin tsohuwar ma'ajiya ne, wato had-dis. Na sha sa SSD a kwamfutar da mai ita ya fidda rai, ya dawo yana tambaya ko sabuwa na ba shi.

Sai maganar Windows, a taƙaice. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas yake karɓar furosesan Core irin su i5 da i7, sabbin fitowarsa ma ba sa tashi sam a kan Core 2 Duo.

Da muka gama, ya ce, "To Yaya, wanne zan ɗauka a cikin biyun?" Na ce babu ko ɗaya. E8400 ya tsufa, N4020 kuma zai ƙure masa da zarar ya buɗe shafi goma yana sikanin hoto. Na rubuta masa i5-8250U, RAM 8GB da SSD, na ce ya nemi na hannu, ya cire caja a gaban mai kaya ya ga ko batirin zai riƙe awa biyu. Bayan sati biyu ya dawo da shi a cikin jakar buhu. Batirin awa ɗaya da rabi ya riƙe, da wannan ya sa aka rage masa kuɗi.