Kafin ka saka kifi a tankin ruwan gishiri: kurakuran da na gaji da gani a Kano

Cikin wata guda mutum uku suka turo mini hoto ta WhatsApp, kifin ado kwance a kan yashin tanki yana haki, tambayar kuma ɗaya ce: "Yaya, me ya same shi? Ruwan fa garau yake." Na farko da na biyu na amsa musu a tsanake. Da na ukun ya zo sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don abin yana ci mini rai. Kifin nan ya baro wata ƙasa, ya sauka Legas, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano cikin leda, sannan ya zo ya mutu a falonka saboda ka kasa jiran 'yan makonni.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne yarda da ido. Ruwan da ke kashe kifi da wanda ke raya shi kamarsu ɗaya. Kifi yana fitar da amoniya ba dare ba rana, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, a tankin lita 50 kuwa ba ta da wurin zuwa. Masu ɗauke ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin dutse da yashi da soson filta, wato abin tace ruwa. Kashi na farko su mai da amoniya naitirait, kashi na biyu su mai da naitirait naitiret, wanda gubarsa ba ta kai ta farko ba, kuma da canjin ruwa ake rage shi. Waɗannan ƙwayoyi suna da jinkirin yaɗuwa, shi ya sa sabon tanki kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna. Haka nake faɗa, tanki ya nuna, kamar mangwaro.

Tankina na farko lita 60 ne. A kwana na tara ruwa ya kwanta, ya yi haske kamar gilashi. Wanda ya sayar mini da kayan ya ce, "Alhaji, ka saka kawai, ai kifin ne zai gyara ruwan." Na karɓi kifi biyu, irin masu ruwan lemo da fararen ratsi. Ƙaramar 'yata har suna ta raɗa musu. Kwana uku suna wasa, a na huɗu suka daina cin abinci, suka taso sama suna buɗe baki da sauri. Ina tsaye ina kallo, ba ni da abin gwaji, ba ni da wani ruwan gishiri a ajiye da zan canza musu. Ɗaya ya mutu kafin magariba, ɗayan da asuba. Daga baya na gane cewa amoniya ta fi cutarwa a ruwan teku saboda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko rashin tsamin ruwa, yana wajen 8, kuma zafi yana ƙara mata ƙarfi. Ka haɗa wannan da zafin garinmu. Har yau idan na tuna kukan yarinyar nan sai zuciyata ta sosu.

Don haka masu cewa a jefa kifi mai juriya, mai araha, shi ya "buɗe" tanki, ku ji tsoron Allah. Ko da ya rayu, wahala ya sha, amoniya ta ƙona masa wurin numfashi. Rai ne, kuma amana ce a hannunka. Ba ka da uzuri, tunda akwai hanyar da ba sai an azabtar da komai ba.

Ga yadda nake yi. Bayan na jera dutse da yashi na zuba ruwa, sai in ɗiga amoniyar kwalba, irin wadda ake sayarwa don wannan aiki, har gwaji ya nuna 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Idan ba ta samu ba, ɗan guntun ɗanyen jatan lande daga shagon kifin ƙanƙara ya isa, a ƙulle shi a ƴar raga a bar shi ya ruɓe. Busasshen na kasuwa ban yarda da shi ba, don ba ka san me aka zuba masa na hana ƙwari ba. Kada kuma ka ce bari ka ƙara amoniya don aiki ya yi sauri. Ta wuce 5 ppm sai ta danne ƙwayoyin da kake son su yaɗu, sauri ya haifi nawa. Duk bayan kwana biyu ina gwadawa, ina rubutawa a littafi da kwanan wata. Amoniya za ta sauka, naitirait ya hau sannan ya sauka, naitiret ya bayyana. Ranar da amoniya da naitirait suka koma sifiri, ban cika murna ba tukuna: sai na sake ɗiga amoniya, idan cikin awa 24 duk sun koma sifiri, to tanki ya nuna. Sai in canza kusan rabin ruwan. Wasu suna ganin na cika tsanani da wannan gwaji na ƙarshe. Su suka sani, ni dai ba na tsallake shi.

Kuskure na biyu wanda ya ci mini kuɗi da lokaci shi ne kwafar abin da ake gani a YouTube ba tare da tuna inda muke ba. Mutumin da ke magana daga Ingila ko Amurka wutarsa ba ta ɗaukewa, ɗakinsa kuma ba ya kai zafin Afrilun Kano. Ƙwayoyin nan da iskar oksijin suke rayuwa, kuma sai ruwa yana motsi yake samunta. Ruwa mai ɗumi kuma bai riƙe iska kamar mai sanyi. A zagaye na biyu na kai mako na huɗu, naitirait ya fara sauka, sai tafiyar ɗaurin aure ta kama ni zuwa Zariya, kwana biyu. Aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare tun daren farko saboda an bar fanka da talabijin a kansa. Na dawo na tarar da ruwa tsaye cik, da ɗumi kamar na wankan jariri, da na tona yashi sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Amoniya ta dawo sama. Wata guda ya tafi a banza.

Wallahi ina mamakin wanda zai kashe kuɗi a kan fitila mai launi-launi amma ya ce ƙaramin injin iska mai batir ya yi tsada. Shi za ka fara saya kafin komai. Injin kaɗa ruwa kuma ka ba shi nasa layin a inbata ko sola, wanda ba mai taɓa shi a gidan, wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Ni yanzu ba na kafa sabon tanki tsakanin Maris da Mayu, lokacin da gari ke haura digiri 40. Nuwamba nake jira. Ina riƙe ruwa tsakanin digiri 25 da 27, da ƙaramar fanka tana busa samansa, da gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe gam da nake sakawa a ciki idan rana ta yi tsanani. Kuma kada ka ce Kano ce ba a buƙatar hita. Asubar hunturu kan sauko ƙasa da digiri 15, ƙaramin tanki kuwa nan da nan yake bin sanyin ɗaki.

Fanka da busasshiyar iskar hunturu suna shanye ruwa sosai, a nan ne wasu ke yin wani ɓarin. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Idan ka cike gurbin da ruwan gishiri, kullum ƙara masa kauri kake yi. Ka manna tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum ka cika zuwa nan da ruwa zalla. Ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025 ko 1.026.

Maganar ruwan kansa: na burtsatse da na rijiya da na 'yan garuwa ba ka san me ke narke a ciki ba, na famfo kuma yana iya zuwa da kulorin mai kashe ƙwayoyin da kake reno. Ruwan RO nake amfani da shi, wato wanda na'ura ta tace abubuwan da suka narke a cikinsa, ina duba shi da ɗan ma'aunin TDS mai nuna yawan abin da ya rage a narke. Fiya wata ma sai na auna, ba na yarda da rubutun jikin leda. Gishirin miya ba ya aiki sam, na tanki daban ne, yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da murjani mai rai, irin wanda ake reno a tanki, ke buƙata. A kwaɓa shi a bokitin da bai taɓa ganin sabulu ba, ya kwana yana juyawa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kashe fitila lokacin nunar tanki, gansakuka kawai take ciyarwa. Idan wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi a ƙarshe, kada ka firgita ka wanke komai, takan wuce da kanta. Soson filta a tsohon ruwan tanki ake ɗauraye shi, ba a bakin famfo ba. Kwalbar bakteriya da ake sayarwa don zubawa a sabon tanki tana rage kwanakin jira, amma wadda ta yini a but ɗin mota cikin rana kada ka dogara da ita, kuma ko da mai kyau ce gwaji yana nan daram. Dutsen da ka tsinta a bakin hanya bar shi a can. Duk wani abu na tagulla kada ya taɓa ruwan, yana kashe murjani da jatan lande. Ranar da za a fesa maganin sauro ko a kunna turaren wuta a ɗakin, a rufe tanki a kashe injin iska na ɗan lokaci, wannan kuwa sai ka zauna da uwargida kun fahimci juna tun kafin a kafa shi.

Idan tanki ya nuna, kifi ɗaya ko biyu za ka fara sakawa, ka ba su abinci kaɗan, ka ci gaba da gwaji har mako biyu kafin ka ƙara wani, saboda ƙwayoyin suna yawaita ne daidai nauyin da aka ɗora musu. Murjani mai laushi ya biyo baya, masu tauri sai tanki ya yi watanni. Wanda zai neme ni nan gaba, don Allah ya fara turo mini shafin littafinsa, in ga amoniya da naitirait da zafin ruwa na makonnin da suka wuce, tun kifin yana wurin mai sayarwa.