Yadda za ka fara gane harshen Pali

Pali tsohon harshen Indiya ne da littattafan addinin Buddha suka zo da shi. Ka fara da sunan, don a nan na fi daɗewa ina tuntuɓe. Asalin kalmar pali layi ne ko jeri, daga baya ta koma nufin nassin littafi. Wanda ya yi karatun zaure zai gane nan take: akwai matani, akwai sharhi. Malaman addinin Buddha a Sri Lanka matanin suke kira pali, sharhin kuma atthakatha. Da aka yawaita cewa "harshen pali", wato harshen da matanin ya zo da shi, sai sunan ya manne wa harshen. Su kansu magabata, har da Buddhaghosa, babban mai sharhi na ƙarni na 5, Magadhi suke ce masa, suna ganin shi ne harshen ƙasar Magadha inda Buddha ya yi wa'azi. Masana na zamani sun fi ganin kamanninsa a rubutun da Sarki Asoka ya sa aka sassaƙa a dutsen Girnar, can yammacin Indiya.

Sannan kada ka ɓata lokaci wajen neman haruffansa. Ba shi da nasa. Da ka aka riƙe karatun na ɗaruruwan shekaru, sai a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa aka rubuta Tipitaka, "kwanduna uku", wato tarin nassosin addinin Buddha, a ganyen giginya a Sri Lanka. Yau kowace ƙasa da haruffanta take rubuta shi, Myanmar daban, Tailan daban, kamar yadda Hausa ke da ajami da boko. Kai ka nemi bugun boko na Pali Text Society, ƙungiyar da Rhys Davids ya kafa a Ingila a 1881.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne kunnen Bahaushe ya riga ya shirya. Inda Sanskrit, wani tsohon harshen Indiya ɗan'uwan Pali, ke haɗa baƙaƙe biyu daban, Pali yakan mayar da su baƙi ɗaya mai shadda: dharma ta zama dhamma, karma kamma, sutra sutta, nirvana nibbana. Wanda ke bambanta "kama" da "kammala" ba zai sha wuya ba. Harafin c ma irin namu ne, na "ciki". Wasalin da ke da layi a kansa sai ka ja shi. Th kuwa t ce da ɗan huci, kamar a Theravada, sunan mazhabar addinin Buddha da ke karatu da Pali.