Kafin ka sayi gida a ƙauyen Ingila

Kuɗin da zai saya maka ɗaki biyu a bene a Landan zai iya saya maka gida sukutum, da lambu da wurin ajiye mota, a wani ƙauye a Linkonsha ko Daram. Shi ya sa 'yan'uwanmu, musamman masu aikin asibiti, suka fara waiwayen ƙauye. Ni ma a ƙauye nake zaune, a yankin Lesta, kuma ba ni da niyyar tashi. Akwai shiru, akwai iska, yara na tafiya makaranta da ƙafa, maƙwabci zai karɓar maka saƙo idan ba ka nan. Sai dai ka sani, a nan ƙauye ba wurin talaka ba ne. Irin su Bibury da Castle Combe, waɗanda hotunansu ke yawo a waya, tsadarsu sai masu hannu da shuni.

Shawarata ta farko, kada ka je ganin gida ranar Lahadi a watan Yuni, lokacin da furanni suka buɗe kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Ka je a Nuwamba ko Janairu, ranar aiki, da la'asar. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga ƙauyuka da yawa ba fitilar titi. Ka tsaya a tashar bas ka karanta jadawalin da ke liƙe. Wani wurin bas ba ta zuwa Lahadi sam. Jirgin ƙasa kuwa, tun bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rage layukan dogo, aka rufe ɗaruruwan ƙananan tashoshi. Idan kai da iyalinka duk kuna aiki, ka sa mota biyu a lissafi. Kana cikin gidan ka ciro waya ka kira wani daga kicin, sannan ka duba ƙarfin intanet na unguwar a shafin Ofcom, hukumar kula da sadarwa.

Daga ƙofar gidan ka tuƙa zuwa masallacin Juma'a mafi kusa, ka ga minti nawa ne. Haka mahaucin halal da Islamiyyar yara. Mu firiza babba muka saya, muna cika ta idan mun shiga Lesta. Makarantun firamare na ƙauye da yawa na cocin Ingila ne. Ƙanana ne, malamai sun san kowane yaro da sunansa, amma ka shiga ka tambayi shugabar makarantar yadda suke taron safe da abincin rana. Hirar gari a mashaya ake yinta, to kai ƙofarka ita ce zauren taron ƙauye, inda ake shan shayi da kasuwar sadaka da zaman majalisar ƙauye, wanda kowa na da damar halarta.

Inda aka fi cin kuɗin baƙo shi ne abin da ido ba ya gani. Ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai su ba. Za ka tarar da wata koriyar tanki a bayan gida, ta man ɗumama ɗaki, kai za ka riƙa kiran mota ta cika maka, kuma farashin na hawa da sauka. Ka duba shekarunta, ka sunkuya ka ga ko ƙasan wurin ya yi baƙi da yoyo. Wani gidan kuma ba a haɗa shi da magudanar gari ba, ramin masai ne a lambu. Ka sa a ɗaga murfin, ka tambaya ina ruwan ke tafiya, domin doka ta hana irin wannan rami zuba kai tsaye cikin rafi, kuma sauya shi aikin dubban fam ne.

Ambaliya fa? Hukumar kula da muhalli tana da taswira a shafin gwamnati, kyauta, lambar unguwa kawai za ka saka. A farkon 2014 ruwa ya yanke ƙauyen Muchelney a Samaset, mutane suka yi makonni sai da jirgin ruwa suke fita. Ka nemi farashin inshora tun kafin ka taya gidan.

Tsohon gida mai bangon dutse ko rufin ciyawa yana da kyau ƙwarai, amma ka tambaya ko yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. Idan yana ciki, ko taga ba za ka sauya ba sai da izinin ƙaramar hukuma, yin gaban kai laifi ne a doka, kuma gyaran da mai gidan baya ya yi ba izini zai iya dawowa wuyanka. Don irin wannan gida ka biya mai duba gini na ƙungiyar RICS ya yi maka bincike mataki na 3, mafi zurfi. Ni dai ban ga dalilin da mai aikin dare zai ɗora wa kansa rufin ciyawa ba. Akwai ma wata tsohuwar doka mai ban mamaki: wasu filaye na ɗauke da nauyin gyaran cocin ƙauye. A Aston Cantlow, wasu ma'aurata sun yi shari'a har Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, a 2003, suka sha kaye, kuɗin ya haura fam 100,000. Gani ga wane ya ishi wane. Ka ce lauyanka ya bincika wannan, ya kuma duba ko hanyar ƙafa ta jama'a ta ratsa lambun, don in ta ratsa ba ka da ikon toshe ta.

Batun kuɗi. Mai gudun riba zai iya tuntuɓar irin su Gatehouse Bank, inda banki ke sayen gidan tare da kai, kana biyan hayar kasonsa kana saye shi sannu a hankali. Harajin sayen gida, tun Afrilun 2025, ba a biya kan fam 125,000 na farko, mai sayen gidansa na farko kuma har 300,000. A nan namu ke tuntuɓe: idan ka taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya, ko a Kano ne ko Damagaram, ko da gado ka ci, ba ka cikin masu rangwamen gidan farko, kuma in har wancan gidan yana hannunka ƙarin kashi 5 cikin ɗari zai iya hawa kanka. Ka faɗa wa lauya gaskiya tun zaman farko.

Kuma "na sallama" ba ta ɗaure kowa a Ingila. Mai gida zai iya karɓar tayinka yau, gobe ya sayar wa wanda ya ƙara, kai kuwa ka riga ka biya lauya da mai duba gini. Ciniki bai faɗa ba sai ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya. Kada ka sanar da mai gidan hayarka za ka tashi kafin wannan rana, kuma inshorar gidan ta fara aiki daga ranar, ba ranar karɓar makulli ba.