Kurakuran da baƙo ke yi idan ya tare a Sakkwato

Wanda aiki ya kawo Sakkwato, ko ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yakan iso da tsoro ɗaya a ransa: 'yan bindiga. Ya sha jin labarin Sabon Birni da Isa da Rabah. Tsoron na da dalili, amma wannan musiba ta fi ƙamari a karkara da hanyoyin gabashin jiha. Abin da ya fi cutar baƙo a cikin gari shi ne ƙwacen waya, satar babur da dillalin ƙarya.

Daga dillalin ake fara tuntuɓe. Mutum ya ga gida da rana tsaka, ya tura kuɗin shekara, bai ga mai gida ido da ido ba. Kada ka biya ko kwabo sai ka zauna da mai gidan, an rubuta takarda gaban shaidu. Ka koma layin bayan isha ka ga su wa ke zama a bakin kwana. Ka kuma tambayi yadda wurin yake da damina, don akwai sassan Mabera da ruwa ke kwanciya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na mai shiga gida ya ja ƙofa, wata uku bai gaida kowa ba. Ɗan'uwa, a garin Shehu gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Makon farko ka nemi wani dattijo ya raka ka wurin mai unguwa, ka faɗi sunanka da sana'arka. Ka riƙa salla a masallacin layi, ka san mai shayi da mai shago. Idan ana karɓar kuɗin 'yan sintiri, ka ba da naka ba tare da gardama ba. Ranar da wani ya tsaya yana leƙen gidanka, mai shagon nan ne zai tambaye shi wurin wa ya zo, kuma ba zai yi wa wanda bai sani ba wannan.

Sai zafi. A Afrilu yakan haura digiri 40, wuta ta ɗauke, kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Nan ake barin ɗaki a buɗe, waya a gefen filo. Kwana a waje ba laifi, amma kulle ɗakin, wayar ta kwana ciki, babur kuma a shigo da shi a sa masa sarƙa.

Kan kabu-kabu ko cikin Keke Napep, wayarka ta zauna a aljihun gaba. Haka a cunkoson Babbar Kasuwa.

Tafiya wajen gari kuwa, ka shiga mota a tasha, ka bar ta gefen titi ko da ta fi araha. Ka yi sammako, ka tambayi direbobi halin hanya, su ne suka biyo ta jiya. Tafiyar dare zuwa gabas a haƙura da ita.

In tsautsayi ya faɗa, kada ka bi mai ƙwace, yana iya kasancewa da wuƙa. Kada kuma ka shiga taron dukan wanda aka kira ɓarawo, sau da yawa ba shi ba ne. Ka fara sa banki ya rufe asusunka, kamfanin layi ya toshe layin, sannan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Lambar gaggawa ita ce 112. Ita da ta mai unguwa, ka rubuta su a takarda ka ajiye a ɗaki, don wayar da ke ɗauke da su ita ce ake ƙwacewa.