Yadda Ake Fassara Kalmar "Pricey" Idan Ta Zo a Labarin Turanci

Wanda duk ya taɓa zama a ɗakin labarai yana mayar da rahoton Turanci zuwa Hausa, ya ci karo da "pricey". Daga "price" ta samo asali, wato farashi. Ma'anarta abu mai tsada, sai dai kalmar hira ce, irin wadda mutum ke faɗa wa abokinsa bayan ya taya kaya ya ji kuɗin ya ja da baya. Ga yadda nake bi da ita.

Da farko, duba shafin da ta fito. Jaridun Amurka da Ingila sun fi sa ta a labaran yawon buɗe ido, gidajen abinci, kuɗin haya da sharhin sababbin wayoyi. Masu tsara kanun labarai kuma suna son ta don gajarta: harafi 6 gare ta, "expensive" kuwa 9. Sau da yawa ƙarancin fili ne ya kawo ta kanu, ba wata ma'ana ta daban ba.

Na biyu, gano bakin wanda ta fito. In maganar wani ce aka ɗauko, bar masa salonsa na hira. In kuwa ɗan jaridar ne ya rubuta, to hukunci ya yanke, domin abin da ya yi wa malamin firamare tsada, araha ne a wurin attajiri.

Mataki na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi: nemo adadin kuɗin. Lokacin da kamfanin Apple ya fara sayar da na'urar Vision Pro, kwamfutar da ake sawa a fuska kamar tabarau, a Amurka a watan Fabrairun 2024, farashinta daga dala 3,499 ya fara. Haka iPhone X a 2017, dala 999. Ka rubuta "na'ura mai tsada" kawai, mai karatu bai ƙaru da komai ba. Amma ka sa dala 3,499, ka lissafa masa a naira ko sefa bisa canjin ranar, da kansa zai riƙe baki. Ni dai ba na sakin labari irin wannan sai na ga lambar da idona, ko da a sakin layi na goma aka ɓoye ta.

Daga nan sai ka zaɓi Hausar da ta yi daidai da nauyinta. "Yana da ɗan tsada" ko "sai mai hali" su ne suka fi kusa. "Ɗan karen tsada" ya yi mata ƙarfi, ajiye shi sai ka ga "exorbitant". "Tashin gwauron zabi" kuma hauhawar farashi yake nufi, ba tsadar da abu yake da ita tun asali ba, kuma nan ne masu fassara da yawa ke zamewa. Kada a haɗa ta da "costly", wadda sau da yawa asara take nunawa, kamar kuskuren da ya jawo wa ƙungiya rasa kofi.

Akwai kuma inda ba ta da gurbi ko kaɗan. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a garuruwa da dama. Ko da rahoton da ke gabanka ya kira man "pricey", kada ka ce wa mai Keke Napep da ya kwana a layin gidan mai wai fetur ya yi "ɗan tsada". Ka ba shi tsohon farashi da sabo, ka kira abin da sunansa: tsadar rayuwa.

Kafin ka miƙa wa edita, karanta jimlar a bayyane kamar kana gaban makirfo. In ta yi kama da hirar majalisa alhali labarin na kasafin kuɗi ne, cire ta, ka bar adadin shi kaɗai.